Darasi na Ɗaya: Ilimin Zamantakewa, Daga Ƙofar Gida Zuwa Fadar Kurfai

Da zarar an gama ɗaure hatsi an zuba a rumbu, garuruwan Kurfai sai su fara raguwa. Motocin da ke bin hanyar Baleyara zuwa Yamai su cika da samari, kowa da ƴar jakarsa. Wasu a Yamai za su tsaya, wasu sai Kwatano, Legas, Abijan ko Akara, wasu kuma su yi arewa su nufi Aljeriya da Libiya. Kafin sanyi ya wuce, in ka shiga gari da hantsi, tsofaffi za ka tarar a gindin itace, sai mata a bakin rijiya, sai yara.

In ka tambayi wani dattijo abin da ya sa ɗansa ya tafi, amsa a bakinsa take: kuɗin aure yake nema, ko sun yi faɗa da wansa, ko kuwa dama tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk wannan yana iya zama gaskiya. To amma in saurayi ɗaya ne ya tafi, sai a ce halinsa ne. In samarin gari duka ne suka tafi, a wata guda, kowace shekara, kuma iyayensu da kakanninsu ma haka suka yi, magana ta wuce halin mutum ɗaya. Dole a nemi dalili a wani wuri: a damina ta wata uku zuwa huɗu wadda ke barin mutum sauran shekara babu aikin kuɗi, a gonar da ta gaji kuma magada suka rarraba ta, a tsadar aure, da kuma irin kallon da ake yi wa saurayin da ya zauna gida alhali tsararrakinsa sun tafi biɗa.

Ɗaga ido daga mutum ɗaya zuwa ga jama'a, nan ilimin zamantakewa yake farawa. Ilimi ne da ke binciken yadda mutane ke zama tare: abin da ke haɗa su, abin da ke raba su, wa ke sama wa ke ƙasa, da yadda duk wannan ke sauyawa. Ku da kuka zo ajin yaƙi da jahilci da furfurarku da ƴaƴanku, kun riga kun san Kurfai fiye da kowane littafi. Abin da darasin zai ƙara muku shi ne wasu kalmomi na aiki, da al'adar yi wa abin da aka saba gani tambaya.

Ba sabon ilimi ba ne, ba kuma na Turawa kaɗai ba. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ciki ya bincika dalilin da ya sa mutanen daji masu ƙarfin zumunci suke cin mutanen birni da yaƙi, sannan su ma in sun zauna sun ji daɗi zumuncin ya yi sanyi, wasu su zo su ci su. Wanda ya san tarihin manoman Dallol Boso da makiyayan arewa ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. A Faransa, Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin suna a ƙarshen shekarun 1830, sai Émile Durkheim ya kafa masa ƙa'idojin bincike a 1895. Babbar maganar Durkheim ita ce akwai abubuwan da ba mutum ne ya ƙirƙira su ba, ya tarar da su ne, kuma suna danne shi ko ya so ko bai so ba. Harshen da kake magana da shi, sadakin da za ka biya, ranar da kasuwa ke ci, ba wanda ya shawarce ka a kansu.

Al'ada da ƙa'ida

Mu leƙa kasuwar dabbobi ta Filinge ran Lahadi. Ga Bafulatani ya kawo jan sa irin na Azawak, irin wanda ake kiwo a gidan gonar gwamnati na Tukunus. Ba shi zai yi ciniki ba. Ya danƙa wa dillalinsa igiya, ya koma gefe ya tsuguna da sandarsa. Mai saye ya zo, ya zagaya san, ya taɓa tozo, ya duba haƙora, ya taya. Dillali ya kau da kai ya ce, “Albarka.” Mai saye ya ƙara jika biyar, ya yi kamar zai tafi. Dillali ya riƙo hannun rigarsa, ya je ya yi raɗa da mai sa, ya dawo. Can sai ka ji, “An sallama, Allah ya sa alheri.” Aka ƙirga kuɗi, dillali ya cire la'adarsa. Ba takarda, ba sa hannu. Mai saye bai san mai sa ba, mai yiwuwa ko harshe ba su haɗa ba, amma ya ba da kuɗin da ya yi shekara yana tarawa, domin dillali ya tsaya a kan cewa san ba na sata ba ne, kuma in magana ta taso an san inda za a same shi.

Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ake kira ƙa'idar zama, wato abin da jama'a suka yarda a kai cewa haka ake yi. Ƙa'idoji su ne ɓangaren al'ada da ke cewa yi ko bari. Al'ada kuwa ta fi su faɗi: ta haɗa harshe, tufafi, abinci, addini, sana'a, da abin da ake ganinsa da daraja, kamar kunya, haƙuri, kyauta da riƙon amana.

Ƙa'idoji ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya wuce dattawa bai gaishe su ba, za a bi shi da kallo a ce ba shi da tarbiyya. Dillalin da ya sayar da san sata ya gama cin kasuwa a garin. Wanda ya yi kisa kuwa sai jandarma da alƙali. Kowace ƙa'ida tana da hukuncin da ke tsaronta, kuma mafi yawan hukuncin da ke aiki a kanmu kullum ba na gwamnati ba ne: tsegumi ne, da habaici a bakin turmi, da zambon maroƙi, da hana mutum aure a gidan mutunci. Akwai kuma na lada, irin su kirari, da yabo, da a ba ka wuri a tabarmar manya. Mutane da yawa sun fi tsoron bakin unguwa a kan kurkuku.

Masanan cibiyar bincike ta LASDEL, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka kafa a Yamai a 2001, sun ja hankali kan wani abu mai amfani ƙwarai. Akwai ƙa'idar da ke rubuce, akwai kuma wadda ake bi a aikace, kuma ta biyun ma tana da tsarinta. Doka ta ce in an sayar da gona a rubuta. A gari ana sayarwa ne gaban shaidu a raba goro. Doka ta ce kowa ya bi layi a ofis. Kowa ya san sai ka fara neman wanda ka sani a ciki. Mai nazari ba ya tsayawa ga cewa mutane ba sa bin doka. Yana tambaya ne: to wace ƙa'ida suke bi, kuma me ya sa ta fi ta takarda ƙarfi?

Wasan taubasai ma ƙa'ida ce, ko da yake da dariya ake yin ta. Bafulatani da Ba'are, Bafulatani da Babarbare, Bazabarme da Buzu, kowa ya gaya wa ɗan uwansa maganar da in wani ne ya faɗa sai an zare wuƙa, amma an hana fushi. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Aikinta a fili yake: tana ba mutanen da ke iya yin rikici hanyar faɗin gaskiya ba tare da jini ya zuba ba.

Tarbiyya, matsayi da aikin matsayi

Ba a haihuwar kowa da al'ada. Koya masa ake yi, tun yana goye. Wannan koyarwa ita ce tarbiyya, kuma ba ta ƙarewa sai an mutu. Gida ne ke farawa, sai makarantar allo, sai lakwal ga wanda aka sa, sai tsara. Yau an ƙara da fada inda samari ke dafa shayi har dare ya raba, da rediyo, da saƙonnin WhatsApp da ke zuwa daga Abijan. Yarinya ƴar shekara bakwai ta riga ta san ba a miƙa abu da hagu, ta san mahaifiyarta ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ta san ita za ta ɗauki tulu wanta ya kora awaki, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya karanta mata waɗannan abubuwa.

Ko ƙabila, da muke gani kamar a jini take, rabinta tarbiyya ce. Buzayen Imanan da ke kewayen Bankuku, kudu da Filinge, asalinsu makiyaya ne, amma sun daɗe da zama wuri ɗaya suna noma, suna kuma harkokinsu da harsunan maƙwabtansu. Henri Guillaume ya rubuta littafi a kansu a 1974. A wannan kwari na Dallol Boso, Bakurfaye da Bazabarmen Tondikandiya da Buzun Imanan da Bafulatani sun yi auratayya da cuɗanya har ba kullum ake iya cewa ga inda wannan ya tsaya wancan ya fara ba.

A gandu za mu fi ganin kalmomi biyu da ake yawan haɗawa. Matsayi shi ne wurin da mutum yake a cikin jama'a: maigida, uwargida, amarya, ɗan fari, ƙane. Aikin matsayi kuwa shi ne abin da ake jira daga mai wannan wuri. A tsarin da muka gada, gona tana hannun maigida. Ƴaƴansa da ƙannensa su yi aiki a gandu tun safe, sai da la'asar ko a ranakun da aka ware kowa ya nufi gamanarsa, wato ƴar gonarsa ta kansa. Shi kuma maigida ya ciyar da su daga babban rumbu, ya biya musu haraji, ya yi wa kowane saurayi auren fari. Ba tausayi kawai ba ne, yarjejeniya ce: ƙarfinku nawa, ɗawainiyarku tawa.

Yanzu ku dubi abin da kuɗin biɗa ya yi wa wannan yarjejeniya. Rumbu ba ya kai gida sabuwar damina. Buhun da ake ci daga watan bazara ɗa ne ya aiko da kuɗinsa daga Kwatano, kuma shi ya tara kuɗin aurensa da guminsa. Uba yana nan da matsayinsa, ana durƙusa masa, amma aikin matsayin ya koma hannun ɗa. Daga nan ake samun gardamar da kowa ya sani: uba ya ce yaran yanzu ba sa jin magana, ɗa ya ce ni ke ciyar da gida amma ba a shawara da ni. Ba lalacewar tarbiyya ba ce kaɗai. Tushen yarjejeniyar ne ya motsa.

Iyayenmu mata da ke cikin wannan aji sun san ɗaya gefen labarin. Miji ya yi wata bakwai ba ya nan. Ita ke auna tiya, ita ke kai yaro asibiti, ita ke sayar da akuya in abu ya ɓaci, ita ke zubin asusu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ko'ina. Tana yin aikin maigida, amma ba a ba ta matsayin ba: in za a yi taron gari ko rabon taimako, sunan wanda ba ya nan ake kira. A ganina wannan gyara ne da gari zai iya yi da kansa, ba sai an jira doka daga Yamai ba.

Wa ke sama, wa ke ƙasa

Wani matsayi gadonsa ake yi, wani kuma da ƙoƙari ake samunsa. Ɗan sarki bai yi komai ba ya zama ɗan sarki. Malamin asibiti sai da ya yi karatu. A ƙasar Hausa an jera mutane hawa-hawa: sarakai, malamai, attajirai, talakawa, sannan masu sana'o'in gado irin su maƙera, wanzamai, mahauta da makaɗa, waɗanda kowa ke bukatarsu amma ba kowa ke ba su aure ba. In kana so ka san ainihin jerin a kowane gari, kada ka saurari abin da ake faɗa a taro. Tambayi abu uku: wa ke iya auren ƴar wa, wa ke da gona tasa ta kansa, wa ake bari ya ja salla.

Waɗannan tambayoyi uku su ke tono abin da ba a son faɗa, wato tabon bauta. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokar 2003, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991. Amma har yau akwai gidajen da ake bincika asalin mutum zuwa kaka na huɗu kafin a karɓi goronsa, akwai kuma masu noman gonar da kakanninsu suka share amma ba a yarda tasu ce ba. Ilimin zamantakewa yana nuna mana cewa mutane ne suka gina wannan jeri a wani zamani, don amfanin wasu. Ni kuma ina ƙarawa da cewa zalunci ne, kuma addinin da muke bi bai ba kowa fifiko da asali ba.

Gado da ƙoƙari sukan haɗu. Adamu Mayaƙi, wanda aka haifa a Filinge a 1919 a gidan sarauta, ya yi karatun zamani har ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani. Ɗansa Ibrahim Hasan Mayaƙi ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000. Ƙoƙarinsu ne, amma gida ne ya buɗe ƙofar farko. A wasu wurare kuwa abin ya juye: manya suka ɓoye ƴaƴansu daga makarantar Nasara suka tura ƴaƴan barorinsu, bayan shekara ashirin sai ga ɗan bara ya dawo da muƙami.

Iko da yarda: abin da ya faru a Shikal

Bajamushe Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya raba abu biyu. Iko shi ne ka sa mutum ya yi abin da kake so ko da ba ya so. Halacci kuwa shi ne mutane su yarda cewa kai ne ya dace ka ba da umarni. Ya ce wannan yarda tana fitowa daga ɗayan wurare uku: daga gado da al'ada, kamar sarki; daga kwarjinin mutum da baiwar da ake ganin yana da ita; ko daga doka da ofis, kamar magajin gari da aka zaɓa ko alƙali. Mai iko ba tare da yarda ba, kullum sai da bulala.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin Kurfai ta ba duniya ɗaya daga cikin sanannun misalai. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya nuna cewa kafin zuwan Faransawa ƙasar ba ta da sarki guda mai hukunci a kan kowa. Garuruwa suna hannun dattawan zuriya da masu kula da al'adun ƙasa, mayaƙa kuma suna jagora a lokacin yaƙi. Faransawa suna bukatar mutum ɗaya da za su riƙe, wanda zai tara haraji, ya ba da ƴan aikin tilas da sojoji. Sai suka mai da Kurfai kanto, suka ɗora gidan Mayaƙi a kai. Sarkin ya sami iko mai yawa daga bariki, irin wanda ba a taɓa ba kowa ba a ƙasar, amma yardar talakawa ba ta zo tare da shi ba.

A 1925, zamanin sarki Gado Namalaya, wata mace mai suna Shibo a garin Shikal ta fara hawan wasu iskoki da ba a san su ba a bori. Ba irin na da ba ne: waɗannan suna zuwa ne da siffar masu mulkin zamanin, akwai gwamna, akwai kwamanda, akwai kofur, akwai likita. Wanda suka hau sai ya miƙe ya yi tafiyar soja, ya sara, ya yi ta ba da umarni da wani harshe mai kama da Faransanci. Aka kira su Hauka, a Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, kuma Babule. Samari da ƴan mata suka yi ta shiga. Suka riƙa fita daji suna fareti da bindigogin itace, suka ƙi biyayya ga sarki, suka ƙi haraji da aikin tilas. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama kimanin sittin daga cikinsu har da Shibo, aka kai su Yamai aka kulle. Abin bai mutu ba. Ya bazu zuwa ƙasar Dogon Dutsi, a 1927 aka sake murƙushe shi aka kori shugabanninsa daga ƙasar, shi kansa kwamandan kuma aka mai da shi ɗaya daga cikin iskokin, ana ce masa Kwamanda Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da abin har Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akara a 1954.

A nan sai mu yi hattara. Ilimin zamantakewa ba ya yanke hukunci kan iskoki ko halaccin bori. Wannan fagen malaman addini ne, kuma matsayinsu sananne ne. Tambayoyinsa daban ne. Su wa suka shiga? Yawanci matasa da mata da talakawa, wato waɗanda ba su da baki a fada kuma a kansu aikin tilas yake faɗawa. Yaushe? Bayan shekara ashirin da wani abu na sabon mulki, lokacin da wasu suka dawo daga aikin soja sun ga yadda bariki ke tafiya. Da wa suke ja? Da sarkin da aka ɗora musu da waɗanda suka ɗora shi. Da wace hanya? Da wadda suka sani kuma ba a iya hana su cikin sauƙi, tunda babu jam'iyya, babu jarida, babu ƙuri'a. Mace talaka ba ta da gado, ba ta da ofis, amma ta sami irin halacci na biyu da Weber ya ambata, har ɗaruruwa suka bi ta.

Akwai darasi na biyu a ciki, game da kauce wa ƙa'ida. A idon bariki waɗannan mutane masu tayar da fitina ne. A idon mabiyansu kuwa masu ƙin zalunci ne. Aiki ɗaya, suna biyu, kuma sunan da ya shiga takardun hukuma shi ne na mai iko. Duk lokacin da kuka ji an ce wane ɗan iska ne, ko wance fitinanniya ce, ku tambaya: wace ƙa'ida ya taka, wa ya kafa ta, wa kuma ke da bakin raɗa masa wannan suna? Wani lokaci za ku tarar hukuncin daidai ne. Wani lokaci za ku tarar laifinsa kawai shi ne ya tambayi inda kuɗin rijiya ya shiga.

Ma'aunin Weber yana aiki har gobe. Mutumin Kurfai yana ƙarƙashin maigari da sarkin kanto, da wakilin gwamnati, da liman. A arewa, wajen Abala da Sanam, an ƙara da ƴan bindiga masu karɓar dabbobi da sunan zakka. Waɗannan na ƙarshe suna da iko tsirara. Ana ba su ne don tsoro, ba don an yarda ba.

Haɗin kai, rikici da sauyi

Masana sun kasu wajen kallon jama'a. Masu bin sawun Durkheim suna tambayar abin da ke haɗa mutane. Masu bin sawun Karl Marx suna tambayar wa ke ci wa ke asara. Ɗauki gona guda bayan girbi. Na farko zai ga shanun Fulani suna cin kara suna zuba taki, Bafulatana tana musayar nono da hatsi, kowa na bukatar kowa. Na biyu zai ga manomi ya kwashe karan ya kai kasuwa, ya cinye rabin burtali da garma, makiyayi kuma ya saki shanu kafin a ɗauke amfanin gona. Duka biyun gaskiya suka gani, kuma mai hankali yana amfani da idanun biyu.

Me ya sa na biyun ya fi yawa yanzu? Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen Nijar kimanin miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Ƙasa ba ta ƙaru ba. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye don a rubuta gonaki a kuma shata burtali da mashaya. Wanda ya ce rikicin manomi da makiyayi mugun halin wata ƙabila ne, bai duba waɗannan alƙaluma ba.

Ko yunwa ba daga sama kaɗai take zuwa ba. A 1931 fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin gona a yammacin Nijar, ƙasar Filinge na cikin inda abin ya fi muni. Amma binciken Fuglestad da André Salifou ya nuna cewa hukuma ta ci gaba da karɓar haraji da ɗibar mutane aikin tilas a lokacin da rumbuna suke wayam. Fari daga Allah ne; wanda zai mutu da wanda zai tsira kuwa, tsarin mutane yana da hannu a ciki. Haka aka sake gani a 1973, 1984 da 2005: a gari ɗaya wani ya sayar da gonarsa, wani ya saye ta.

Aikin gida

Mai wannan ilimi ba ya dogara da “an ce”. Yana zuwa ya gani, ya tambayi mutane iri-iri, ya ƙirga abin da ke ƙirguwa, ya kuma rubuta abin da ya ji ko da bai yi masa daɗi ba. Wanda ya tambayi maigari kaɗai, labarin maigari ya samu.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya nemi tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya, ba daga gida ɗaya ba, kuma ɗayansu ya kasance ba daga gidan masu gari ba. Ku gaishe su yadda ya kamata, ku gaya musu dalilin zuwanku, sannan ku tambaye su: lokacin ƙuruciyarsu mutum nawa ke ci daga rumbu ɗaya a gidansu, wa ke yanke shawarar aure, kuma in gona ta haɗa mutum biyu faɗa wurin wa ake zuwa? Ku rubuta amsar kowannensu daban, da kalmominsa, sannan ku rubuta a gefe yadda abin yake yau. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya riƙe a ka, za mu rubuta tare a allo. Kada ku sa sunan kowa a takarda, kuma abin da aka gaya muku a asirce ku bar shi inda kuka ji shi.